Rubutun Fensir a Gindin Wuyan Baƙa

Litinin, 21 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya da yamma, ana tsakar rawa a zauren ƙungiyar tsofaffin makaɗa, shugabanmu Don Aristides Payán ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya karanta sunana. Evaristo Lucumí. Bana jitata ce za a rataye a bango, ranar Lahadi 11 ga Disamba.

Shekara arba'in da kafa ƙungiyar nan, kayan kiɗa goma sha tara kacal suka hau bangon. Kowanne cikin akwatin gilashi, da kati a ƙasansa mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi da shekarar ƙira, da sa hannun mai shi da na mai gyaran ƙungiya. Tawa ce ta ashirin. Ni da na shigo Cali daga Puerto Tejada da riga ɗaya, na bar makaranta a aji uku na sakandare, na yi shekara shida ina dakon katako a kafaɗa a filin wani. Yau filin katakon da ke bayan kasuwa nawa ne, da mota biyu, kuma babu wanda ya ba ni ko ƙusa.

Baƙa nake kiranta. Bes ce, mai tsirkiya huɗu da murya kamar daga cikin rijiya. Corwin, ƙirar 1966. Babur ɗina na sayar na saye ta a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Buenaventura, shekara talatin da uku ke nan. Duk mai kunne ya san Corwin. Tun kafin a haifi makaɗan yanzu kamfanin ke ƙera bes, kuma abin da nake faɗa a ko'ina shi ne: bes iri biyu ce a duniya, akwai Corwin, akwai itacen girki.

Da na gaya wa matata Gilma, sai ta ce, "To, tsoho, in an rataye ta, kai kuma a ina za a rataye ka?" Shekara talatin muna tare, ba ta taɓa iya taya murna kai tsaye ba.

Saura abu ɗaya. Al'adar ƙungiya ce mai gyara ya kwance abin ya duba kafin a rubuta kati. Mai gyaran kuwa Baudilio Angulo ne. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, don haka compadre muke kiran juna har gobe. Ba faɗa muke yi ba. Magana ce dai ta yi ƙaranci.

Talata, 22 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ta. Baudilio yana bakin tebur da tabarau a kan hanci, bai tashi ba.

"Ajiye ta can, compadre," in ji shi. "A hankali, kada ta gogi akwatunan gawa ta kwashi wari."

Har yanzu yana riƙe da wannan. Shekara takwas. Ya kawo bes ta farko da ya ƙera da hannunsa zaure, mutane suka ce in gwada, na ɗaga ta na ce, "Compadre, akwatin gawa ka sa wa tsirkiya?" Wasa ne. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Laifina ne da unguwa ta ɗauka tana ce masa Mai Akwati? Ni ban ce a kira shi haka ba.

Na ce, "Ba sai ka kwance ta ba. Kowa ya san ta."

"Ni ma kowa ya san ni, amma in na je wurin likita sai ya ce in tuɓe."

"Ba a taɓa cire mata wuya ba."

"To ta sha iska."

Alhamis, 24 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Baudilio ya yi waya. Ya ce in zo ni kaɗai, kada in taho da direba.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi

Na je. Na dawo. Babu komai.

Juma'a, 25 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Ban sha kofi ba tukuna. Bari in rubuta yadda aka yi, wataƙila in na gan shi a takarda ya ragu.

Ya kulle ƙofar shago. Baƙa na kwance rub da ciki a kan tawul. Noti huɗu ne ke riƙe da wuyanta, ya riga ya cire su ya zuba a murfin kwalba. Ya ɗaga wuyan, ya miƙo mini gangar jikin, ya sa yatsa a ramin da wuyan ke zama, inda fenti bai taɓa shiga ba.

Hancina ya riga idona. Cedro. Cedron dajin bakin tekunmu, wanda nake sayar wa masu yin ƙofa kullum. Ko an ɗaure mini ido aka jera icce hamsin, zan ware shi. Kamfanin Corwin kuwa da farin iccen ƙasar sanyi yake aiki, ni kaina na sha koya wa mutane haka.

Sannan ya juyo gindin wuyan. A nan ma'aikatan kamfani ke rubuta kwanan wata da fensir, shi ya sa ake kwancewa. Akwai rubutun fensir, amma ba wanda ake nema ba. An rubuta: C. Riascos, Buenaventura, Maris 1977.

Na ce, "Wani ya canza wuyan kafin in saya."

"Gangar jikin fa, compadre? Ita ma canza ta aka yi?"

Ya nuna kan jitar da yatsa.

"Sunan da ke kanta takarda ce aka manna aka bi da fenti mai sheƙi. Aiki mai tsabta. Ni kaina sai da na ɗauko gilashin duba agogo."

Na jira ya yi dariya. Na rantse da ya yi, da na fi jin sauƙi. Sai ya cire tabarau yana gogewa da riga.

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Bakina ba rediyo ba ne. Amma ba zan sa hannu a katin da aka rubuta Corwin ba. Ranar sha ɗaya ga wata, in Don Aristides ya miƙo mini biro a gaban jama'a, zan ce a'a, shi kuma zai tambaye ni dalili. Kana da kwana goma sha bakwai."

Ya mayar da wuyan, ya ɗaure, ya daidaita tsirkiya, ya sa ta a jaka ya miƙo mini da hannu biyu.

Asabar, 26 ga Nuwamba, tsakar rana

Baudilio yana da fensir. Baudilio yana da dalili. Tun safe nake juya wannan. Amma Baudilio ba shi da yadda zai sa ƙamshi a cikin icce.

A garin nan in Evaristo ya ce katako kaza ne, ba a zaro wuƙa a kankare don a gani. Ba icce ne ya gina filina ba, wannan ne. To a ce mutumin nan ya yi shekara talatin da uku yana rungume da cedro a cikinsa bai sani ba.

Lahadi, 27 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na buga. Daga ƙarfe uku zuwa bakwai, kamar kowace Lahadi. Muryarta ba ta canza ba, wannan ne ya fi ba ni haushi. Na kasa kunne ko zan ji wani gurgunta da na yi shekaru ban lura da shi ba. Babu. Ta shiga ƙarƙashin ganguna ta ɗauke su yadda ta saba.

Heliodoro, tsohon direban bas mai rawa da farin takalmi, ya zo yana gumi ya ce, "Maestro, yau har ƙasa ta motsa. Corwin kaɗai ke yin haka, ko ba haka kake cewa ba?"

Na ce, "Haka ne." Bakina ya riga ni.

Baudilio na zaune a bakin ƙofa da kofin lulada, lemon garinmu mai sanyi. Ya ji. Ya kalli takalminsa.

Don Aristides ya ja ni gefe. An yanko gilashi. Ya gayyaci mutumin rediyo. Ya ce in gaya wa 'ya'yana su zo da jikoki. "Compadren naka ya gama dubawa?"

"Ya gama."

A hanyar gida na fara lissafa waɗanda na taɓa yi wa ba'a a zauren nan saboda bes ɗinsu. Da na kai tara na daina.

Litinin, 28 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Babu komai.

Talata, 29 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Gilma ta ajiye mini miyar sancocho, ta ja kujera ta zauna a gabana, abin da ba ta yi da rana.

"Kwana biyar kana cin abinci kamar magani. Ka juya Baƙa ta fuskanci bango. Wa ya mutu?"

Na gaya mata, a taƙaice.

"Ita ce dai kake bugawa ranar da na fara ganinka a bikin ƙanwar ƙawata Omaira?"

"Ita ce."

"To ni ba takardar da ke kanta na biyo ba."

Na ce ba ta gane ba. Ba maganar kiɗa ba ce, maganar suna ce.

"Na gane sarai. Wanzami ne ba ya son jarfa. Shekara nawa kana tsaga mutane, tsoho? Yanzu an zo kanka kana neman a rufe labule."

Na bar mata miyarta. Ba wanda ya tambaye ta.

Laraba, 30 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na koma shagon. Ba zan ɓoye wa takarda abin da ya kai ni ba. Na ce masa, "Compadre, sa hannu ne kawai. Za a rufe ta da gilashi, har abada ba mai sake kwance ta. Wa zai sani?"

"Ni da kai. Mun yi yawa."

Na yi masa maganar baftisma. Na ji kunyar yin haka, amma na yi. Ya ce, "Da na riƙe 'yarka, alkawarin kare ta daga ƙarya na yi, ba na taya ubanta ba."

Zan fita sai ya ce in tsaya. Ashe ya sauko da bes ɗin marigayi Don Fulgencio daga bango don ya shafa mata mai. Corwin ce, shi da kansa ya kwance ta shekarun baya, ya ga abin da ya kamata a gani. Ya ce in juya in fuskanci bango. Zai buga uku, kiɗa iri ɗaya, lasifika ɗaya: Baƙa, da ta Don Fulgencio, da wadda shi ya ƙera a bara.

Baƙa na gane ta tun bugun farko, wa zai ɓata muryar gidansa. Saura biyu. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya sake, ya sake. Sai na ce, "Ta biyu ce Corwin. Ji yadda take zama daram. Ta ukun ta kafinta ce."

Na juyo.

Ba zan rubuta wadda ke hannunsa ba.

Na dai yi kuskure. Ya miƙo mini ta Don Fulgencio. Na yi kusan rabin awa da ita. Gaskiya ɗaya ce: kaya ce mai kyau. Daga sama har ƙasa kowace murya daidai take da 'yar'uwarta, wuyan kamar an auna da tafin hannun mutum, babu inda take gardama. Kamfanin bai cuci kowa ba, sunansa bai faɗo daga sama ba. Amma ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Kuma abin da na yi shekaru ina rantsuwa cewa kunnena na ji, yau na tabbatar idona ne ke ji.

Juma'a, 2 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sa Baƙa a bayan babbar motar katako ban ɗaure ba, na bar ƙofar baya a buɗe. Na ce wa direba ya huta, zan kai kayan da kaina. Titin da ke bayan kasuwa duk ramuka ne. In ta faɗo mota ta bi ta kai, shi ke nan. Tsautsayi. Za a yi mini jaje, Don Aristides ya rataye gangar wani.

Na wuce rami na farko. Na ji ta zame ta bugi ƙarfe.

Na taka birki a tsakiyar titi, masu mota suna zagina. Na hau baya. Tana bakin ƙofa, saura taki ɗaya. Na dawo da ita gaba na sa mata bel kamar mutum.



Lahadi, 4 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je zaure ba. Na aika cewa zazzaɓi. Daga nan ina jiyo su, wani ne ke riƙe musu bes, yana saurin shiga.

Litinin, 5 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Don Aristides ya zo duba mai zazzaɓi, ya tarar da ni a fili ina auna katako. Ya zaro katin daga ambulan. An rubuta shi da zinariya. Corwin, 1966. Layi biyu a ƙasa, duk babu komai.

"Sa naka yanzu, mu rage aiki."

Na ce a bari mai gyara ya fara, haka tsari yake.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Abin mamaki. Shi ma cewa ya yi a bari mai ita ya fara. Ku biyun nan, ko a maƙabarta sai kun yi gardamar wanda zai riga shiga. Akwai abin da ya kamata in sani, Don Evaristo?"

"Babu komai."

"To ranar Lahadi kwa sa a gaban mutane. Ya ma fi armashi."

Kwana shida.

Laraba, 7 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ranar kunna kyandir. Gilma da jikoki suna jera su a ƙofar gida. Gobe hutu. Zan sauka Buenaventura. Ina so in ga fuskar wanda ya yi mini wannan, in yana raye.

Juma'a, 9 ga Disamba, ƙarfe shida na safe

Awa huɗu a hanya saboda ƙasa ta zaftare a kan dutse. Buenaventura kuma ruwa, kamar kullum. Na bi ta wurin 'yan katako na bakin kogi, mutanenmu. Suka ce masu sunan Riascos sun fi kifin teku yawa. Da na ce kafinta mai yin jita, wani tsoho ya ce, "Don Crescencio. Bi gadar katako har ƙarshe, gidan da ba ya karkata."

Gaskiya ne. Duk gidajen da ke tsaye a kan ruwan sun sunkuya, nasa kaɗai ke miƙe.

'Yarsa, Luz Dary, ta buɗe mini. Yana zaune yana goge filafilin kwalekwale. Ya haura tamanin, idanunsa sun yi fari. Na shirya maganganu tun daga Cali, masu zafi. Na ajiye jakar a kan tebur na ce, "Na kawo maka aikinka."

Ya laluba ya zaro ta. Ya bi wuyan da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ya kai hanci inda fenti ya goge a wurin hannuna.

"Ta shida ce, ko ta bakwai. Sha ɗaya na yi. Wa ya sayar maka, dogon nan mai haƙorin zinariya?"

"Shi."

"Ɗan iska. Allah ya ji ƙansa."

Ya ce dogon ne ya taɓa kawo masa Corwin ta gaske da ta karye a jirgi. Ya gyara, amma kafin ya mayar ya auna ta da zare da takarda. Biyun farko sunansa ya sa a kai. Suka yi shekara a rataye ba wanda ya taya. Sai dogon ya kawo masa takardun mannawa masu sunan Corwin.

Na ce, "Ka san sunan wannan aiki?"

"Na sani. Na gaya wa limamin coci tun kafin ka yi furfura."

"To me ya sa ka rubuta sunanka a ciki?"

"Don mai gyara ya san wanda zai zaga." Ya juya fararen idanun wajena. "Wuyan ya karkace?"

"A'a."

"Ta tsage?"

"A'a."

"Ta taɓa ba ka kunya a gaban mutane?"

"Za ta ba ni ranar Lahadi."

"Ita, ko kai?"

Luz Dary ta ce, "Baba, baƙo ne fa."

"Baƙo ne ya zo ƙara, ina tambayarsa ƙarar me." Ya shafa gangar jikin. "Mutanen Corwin sun iya aiki, kada ka ji an ce. Wanda ya fara zana ta ya yi tunani, ni sawunsa na bi. Amma cedron nan ni na zaɓe shi yana tsaye. Na jira wata ya fara raguwa sannan na sare, na bar shi shekara uku a ƙarƙashin rufi. Kai me kake yi?"

"Katako nake sayarwa."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na bar shi ya gama.

Luz Dary ta kawo soyayyen kifi da shinkafar kwakwa. Bayan mun ci, tsohon ya ce bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin sha ɗayan a hannun wanda ya iya ba, tun da aka fara manna takarda, suna bushewa ake kwashe su. Babu lasifika a gidan. Sai na jingina kan jitar da bangon katako, yadda muke yi a da in babu wuta, na fara bugawa. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka, har kwanuka suna amsawa. Ya ɗora tafin hannunsa a bango. Bai cire ba har na gama.

Ya ce, "Tsirkiya ta uku ta ɗan yi ƙasa."

Na duba. Haka ne.

Asabar, 10 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Gilma ta goge farar kwat ɗina ta rataye, ba ta tambaye ni ko za ni ba. Har yanzu zazzaɓin yana nan in ina so. Mutum na iya kwanciya Lahadi biyu.

In na kwanta, Baudilio za a tsare da biro. Zai ce a'a, ya ƙi faɗin dalili saboda ni, a ce Mai Akwati ya yi hassada.

Lahadi, 11 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Na sa sukudireba a aljihun kwat. Yana ja mini aljihu ƙasa. Gilma ta gani, ta gyara mini wuyan riga, ta ce mu tafi.

Lahadi, ƙarfe takwas saura kwata

Zaure ya cika har bakin titi. Ƙarfe biyar aka tsayar da rawa. Akwatin gilashi a buɗe a bango, mutumin rediyo da na'urarsa a gaba, 'ya'yana a layi na biyu. Don Aristides ya yi jawabi mai tsawo, ya kira ni mutumin da bai taɓa yarda da na biyu ba. Ya miƙo biro.

Na ce a ba ni tebur.

Notin farko ya ƙi. Na biyu ya faɗi ya gangara ƙarƙashin ganga. Ba mai tari ko ɗaya. Da wuyan ya fita, na miƙa wa Heliodoro da ke gaba na ce, "Karanta da ƙarfi, idona ba ya gani sosai."

Ya karanta. Ya sake karantawa, don na baya sun ce ba su ji ba.

Na ce, "Ba Corwin ba ce. Jabu ce. Wani kafinta ne ya yi ta da cedro, yana nan da ransa, na ci kifi a gidansa ranar Alhamis. Shekara talatin da uku ban sani ba, kwana goma sha bakwai na sani."

Sai Nepomuceno, wanda na taɓa ce wa ya kai tasa bes gidan burodi a hura wuta, ya miƙe daga can baya. "Ashe, Maestro, da itacen girki ka yi ta dafa mu?"

Zauren ya fashe. Sun yi dariya sosai, wasu har da buga tebur. Na tsaya na sha. Ban san dariya na da nauyi haka ba sai yau. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Da ta lafa na juya wajen ƙofa na ce, "Compadre, abin da na faɗa a ɗakin nan shekara takwas da suka wuce, ban san abin da nake faɗa ba. Ka fi ni kunne, ka fi ni hannu."

Ya taso a hankali. Ya karɓi wuyan daga hannun mutane, ya durƙusa ya lalubo notin. "Rage surutu, compadre, riƙe mini nan. Ba nan ba, nan. Ka kusa ɓata bakin notin da wannan sukudireban gyaran ƙofa."

Don Aristides fuskarsa ta yi ja. Ya rufe gilashin da kansa, babu komai a ciki. Ya ce mini a kunne, "Ka bar ni na buga takardun gayyata. Ka bar ni na kira rediyo. Ranar Litinin na tambaye ka." Ya ce kwamiti zai zauna a watan Janairu, kada in sa rai. Yana da gaskiya.

Muka buga sauran awa ɗaya. An yi rawa. Da aka tashi wasu sun ba ni hannu, wasu sun bi ta ɗaya ƙofar.

Litinin, 12 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

An sa a rediyo da sassafe, har da muryar Nepomuceno.

Ƙarfe takwas injiniya Zúñiga ya zo ɗaukar katakon ƙofofin makarantar da yake ginawa. Shekara ashirin yana saye a wurina, ko daga mota ba ya fitowa. Yau ya fito, kuma ya taho da kafintansa. Bai iya kallon idona ba.

"Don Evaristo, ba don komai ba. Aikin hukuma ne, ka gane."

Kafintan ya laluba aljihu, ashe bai zo da wuƙa ba. Suka tsaya suna kallon juna.

Na ba shi tawa. Na ce ya fara daga ƙasan tarin, nan ne masu ha'inci ke ɓoyewa. Ya kankare ya sansana, ya kankare ya sansana. A na biyar injiniya ya ce ya isa.

Na ce ya ci gaba. Guda arba'in ne.